Sabuwar bindiga da sabon harsashi: Abin da mafarautan Amurka ke mantawa da shi a gardamarsu

A watan Janairun 2025 kamfanin Federal da ke jihar Minnesota a Amurka ya fito da wani sabon harsashin farauta mai suna 7mm Backcountry, kamfanoni irin su Savage da Weatherby kuma suka ƙera bindigogin da za su ɗauke shi. Tun daga lokacin gardama ta kaure tsakanin mafarautan ƙasar. Wasu na cewa ci gaba ne da ya kamata a runguma, wasu kuma na ganin dabara ce ta 'yan kasuwa don raba mutum da kuɗinsa.

Kowane ɓangare na da hujjarsa. Sai dai gardamar ta fi karkata kan gudun harsashi da nisan da yake kaiwa, alhali abin da ke bambanta maharbin da ya kayar da dabba nan take da wanda ya bar ta ta gudu da rauni shi ne ƙwarewar hannunsa, da sanin inda iyakarsa ta tsaya.

Mene ne sabo a ciki?

Bindigar da ake magana a kai ita ce mai sakata. Bayan kowane harbi, maharbi zai ɗaga wani ɗan hannu da ke gefenta, ya ja shi baya don ta tofar da kwanson harsashi, sannan ya tura shi gaba ya kulle da sabon harsashi a ciki, kamar yadda ake zura sakatar ƙofa. Mafarauta na son ta saboda ba ta cika lalacewa ba, kuma saitinta na da kyau. Yawancin irinta da ake ƙerawa a yau sun gaji fasalinsu ne daga wadda kamfanin Mauser na Jamus ya fitar a 1898. Wato a jikin bindigar kanta, sauyin da aka samu cikin shekara fiye da 120 bai taka kara ya karya ba. A harsashi ne kamfanoni ke gasa.

Abin da Federal ya sauya shi ne kwanso. An saba yin sa da tagulla, wadda ke jure matsin da bai wuce kimanin 65,000 ba a ma'aunin psi idan albarushi ya tashi. Sabon kwanson na wani irin ƙarfe ne mai tauri da ke ɗaukar 80,000. A cewar kamfanin, wannan ya sa kan harsashi mai nauyin giram 11 ke fita da gudun kusan mita 915 a daƙiƙa ɗaya daga bututu mai tsawon santimita 51 kacal. Tsofaffin manyan harsasai na buƙatar bututu mai santimita 61 ko fiye kafin su kai haka.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai kwana biyar yana hawan tsaunukan Colorado ko Montana yana neman elk, wata ƙatuwar barewa da namijinta kan kai kilo 300. Gajeriyar bindiga ta fi sauƙin ɗauka, kuma ko an ɗaura mata na'urar rage ƙara ba za ta zama gora ba. A nan masu goyon bayan sabon harsashin sun yi gaskiya.

Harsasan da suka zo suka wuce

Masu ɗari-ɗari kuma tarihi suke dubawa. A 2003 kamfanin Winchester ya fito da wasu gajerun harsasai masu tsananin gudu da ya kira WSSM, aka yi ta yayata su a mujallun farauta. Cikin 'yan shekaru aka daina ƙera bindigoginsu, waɗanda suka saya kuma suka koma farautar harsashi maimakon farautar nama. Bindigar da ba a samun harsashinta sanda ce mai tsada.

Ƙarancin harsasai da aka yi fama da shi a Amurka a 2020 da 2021 ya ƙara koya wa mutane wannan darasi. Da kaya suka yi wuya, masana'antu sun fi mayar da hankali kan nau'ukan da aka fi saye, masu baƙin nau'i kuma suka daɗe suna jira. Harsashin .30-06 da sojojin Amurka suka fara amfani da shi a 1906, da .270 Winchester na 1925, da .308 Winchester na 1952, har yau ana samun su a ƙananan shagunan ƙauye. Shi kuwa 7mm Backcountry ya shigo kasuwa ne kamfani ɗaya tilo ke yin sa, kuma kwansonsa na ƙarfe ba ya ba da haɗin kai kamar na tagulla ga ɗimbin mafarautan da suka saba sake cika kwansonsu a gida don rage kashe kuɗi.

Duk da haka ba kowane sabon abu ne ke mutuwa ba. Lokacin da kamfanin Hornady ya fito da 6.5 Creedmoor a 2007, don masu gasar harbi aka yi shi, kuma tsofaffin mafarauta sun yi masa ba'a. Yau yana cikin waɗanda aka fi saye a ƙasar. Sirrin nasararsa abin lura ne: bai fi tsofaffin ƙarfi ba, ya ma fi su rauni. Abin da ya fi su shi ne ba ya naushin kafaɗa sosai idan an harba shi. Mutumin da ba ya tsoron bindigarsa ba ya runtse ido ko ya zabura lokacin da zai ja kunama, kuma yana iya yin atisaye da yawa ba tare da kafaɗarsa ta kumbura ba. Aikinsa ma bai yi nisa da na harsashin 6.5x55 ba, wanda Suwidin da Norway suka karɓa tun a shekarun 1890, kuma mafarautan can ke kayar da manyan namun daji da shi har gobe. Da tsohuwar zuma ake magani.

Inda haɗarin yake

Babban abin da ake tallata sababbin harsasai da shi shi ne harbi daga nesa. A nan ne maganar ta wuce batun kuɗi ta koma batun ran dabba.

Wurin da ya kamata harsashi ya samu a jikin barewa, wato zuciya da huhu, bai wuce faɗin farantin cin abinci ba, kimanin santimita 20 zuwa 25. A nisan mita 450, iska mai gudun kilomita 16 a sa'a na iya karkatar da harsashi mai kyau irin 6.5 Creedmoor da kusan santimita 40. Harsashin kuma zai yi fiye da rabin daƙiƙa a hanya, lokacin da ya ishi dabba ta ɗaga ƙafa ta yi taku ɗaya. Harsashi mai ƙarin gudu zai rage wannan karkata, amma ba zai gaya wa maharbi yadda iska ke kaɗawa a tsakiyar kwari ba. Sakamakon kuskure shi ne dabbar da aka fasa wa ciki ko aka karya wa muƙamuƙi, ta gudu ta mutu a hankali inda ba mai ganin ta.

A dazuzzukan gabashin Amurka kuwa, inda itatuwa suka yi duhu, sau da yawa maharbi ba ya hango abin da ya wuce mita 100. A irin wannan nisa, barewar da aka sama a daidai ba za ta bambance harsashin 1906 da na 2025 ba.

Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887, ta daɗe tana kare aƙidar cewa dole a bai wa dabba damar tsira, ta ji ƙamshin mutum ko motsinsa ta gudu. Ta kuma nuna damuwa cewa harbi daga nisan da dabba ba ta ma san ana bin ta ba yana mayar da farauta gasar saiti. Maharbin ƙasar Hausa da ke ɗaura kan burtu a goshi ya yi ta sanɗa har ya kusanci nama zai fahimci wannan magana ba tare da tafinta ba, domin a wurinsa iya kusantar dabba shi ne rabin sana'ar.

To, wa ya kamata ya saya?

Mai farauta a tsaunuka, wanda ke auna nauyin duk abin da zai goya, yake da kuɗin harsashi mai tsada da filin atisaye, yana da dalilin gwada sabuwar bindigar. Ko shi ma hikima ce ya dakata ya ga ko wasu kamfanoni za su shiga yin harsashin, domin hakan ne alamar zai daɗe a kasuwa.

Wanda kuwa ke da tsohuwar .308 ko .30-06 mai kyau a gida, yana fita sau biyu ko uku a kakar farauta, kuɗinsa zai fi yi masa amfani idan ya zuba su a madubin saiti mai inganci da akwatunan harsashin atisaye. Masu cewa sayen sabuwar bindiga na taimaka wa namun daji sun yi gaskiya, tunda dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware harajin kashi 11 cikin 100 na irin waɗannan bindigogi don kula da dazuzzuka da dabbobinsu. Amma harajin na kan harsashi ma, don haka mai yawan atisaye shi ma yana zuba nasa kason.

Akwai gwaji mai sauƙi da ya fi kowace talla gaskiya. Maharbi ya kafa faranti, ya bar teburin filin atisaye, ya harba sau goma a durƙushe ko a kwance, yana haki kamar wanda ya hau tudu. Nisan da ya iya samun farantin duka goma shi ne iyakarsa a daji, ko da wace bindiga ce a hannunsa. Idan dabba ta fi haka nisa, abin da ya rage masa shi ne ya ƙara matsawa kusa, ko ya haƙura ya bar ta ta tafi.