Lafiyar Iyali: Komawa Kan Keke Bayan Aikin Zuciya

Masu karatu, a wannan wata za mu yi magana a kan mai hawan keke wanda aka yi wa aiki a zuciya, ko wanda ya faɗi ya ji ciwo, yana kuwa ɗokin komawa kan sirdi. Likitoci ba su hana irin wannan mutum hawan keke ba. Suna ma so ya hau, gama motsa jiki yana ƙarfafa zuciya. Amma akwai abin da ake fara yi, akwai kuma abin da ake bari sai ƙarshe.

Bari mu fara da ƙashi. Sa'ad da likita zai kai ga zuciya, yakan tsaga ƙashin tsakiyar ƙirji daga sama zuwa ƙasa. In ya gama, sai ya haɗa shi, ya ɗaure da waya ta ƙarfe marar tsatsa. Ƙashin nan yakan yi mako 6 zuwa 8 kafin ya kama, ba ya kuwa yin ƙarfi sosai sai wajen mako 12. Sau da yawa mutum yakan ji ƙarfi ya komo masa tun ƙashin bai gama haɗuwa ba, a nan ne hatsarin yake. Domin haka ake gargaɗinsa kada ya ɗauki abin da ya fi kilo 5 a makonnin farko. Jarkar ruwa mai lita 25 ta ninka wannan sau biyar. Mai hawan keke kuwa yana jingina nauyinsa a kan hannuwa, kowane rami da taya ta faɗa sai ƙirji ya ji shi.

Haka yake ga wanda ya karye. Mai faɗuwa daga keke yakan tokare ƙasa da hannu, ko ya sauka a kan kafaɗa, sai wuyan hannu ya karye, ko ƙashin nan da ya haɗa kafaɗa da gindin wuya. A jikin babban mutum wannan ƙashi yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya warke. Ɗaukewar zafi ba ita ce shaidar warkewa ba, likita ne zai duba ya faɗa.

Yanzu sai mu zo ga feda. Keken da muka saba da shi, ɗora ƙafa kawai ake yi, a sauke ta sa'ad da aka ga dama. Amma masu tsere da masu tafiya mai nisa suna da wata irin feda mai kama takalmi. A ƙarƙashin takalmin akwai ɗan ƙarfe ko roba mai tauri, in an taka sai ya shige cikin fedar ya kulle. Kamfanin Look na Faransa ne ya fito da irinta a 1984, Bernard Hinault kuma ya ci babban tseren kewaya Faransa da ita a 1985. A 1990 kamfanin Shimano na Japan ya kawo tasa, wadda ƙarfenta yake lume cikin tafin takalmi har mutum ya iya takawa a ƙasa. Amfaninta shi ne ƙafa ba ta zamewa, tana zaune wuri guda. Ba ta kuwa sakin ƙafa sai an murɗa dunduniya waje.

Faɗuwar da wannan feda ta fi jawowa a wurin tsayawa take. Mutum ya taka birki, keke ya tsaya, ya manta ƙafarsa a kulle take, sai ya kife gefe ɗaya kamar buhu. Ga lafiyayyen saurayi, abin dariya ne da ɗan ƙujewar gwiwa. Ga wanda ƙirjinsa yake ɗaure da waya, ba abin dariya ba ne. Balle wanda aka sa wa bawul na ƙira a zuciya, gama shi zai riƙa shan maganin tsinka jini, watau wafarin, muddin ransa. In ya bugu a kai, jini yana iya tsiyaya a cikin ƙoƙon kansa ba a sani ba, sai bayan sa'o'i ko kwanaki abin ya bayyana. Irin wannan mutum, in ya buga kansa, a kai shi asibiti a ranar, ko da ya ce lafiyarsa lau.

To, ga yadda muke ba da shawara a bi. Da fari, tafiya da ƙafa, ana ƙara nisa kaɗan kaɗan. Na biyu, keken motsa jiki wanda ba ya zuwa ko'ina, a zauna a miƙe, kada a danne hannuwa da nauyi. Na uku, sa'ad da likita ya ba da izini, yawanci wajen wata uku bayan aiki, sai a fita hanya mai laushi marar hawa, da feda irin ta kowa, da hular kwano, da abokin tafiya. Feda mai kama takalmi ita ce ta ƙarshe. A sassauta kusar da take matse ta. A jingina da bango a koyi sawa da cirewa har ƙafa ta saba, kāna a gwada a fili mai ciyawa. A riƙa cire ƙafa tun kafin a kai wurin tsayawa, kullum kuwa da ƙafa guda ake farawa. Wanda aka ɗauki jijiya daga ƙafarsa domin yi wa jinin zuciya sabuwar hanya, sai ya jira mikin ya rufe, kumburi ya saɓe, gama murɗa dunduniya yana jan wurin.

Kada a dogara ga ƙidayar bugun zuciya kaɗai, domin waɗansu magungunan zuciya suna rage bugun ko mutum ya gaji. Ga gwaji mai sauƙi: in kana tuƙi kana iya yi wa abokinka magana, gudun ya yi daidai. In magana ta gagara, ka rage. In kuwa ka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko zuciya tana bugawa barkatai, ko ƙashin ƙirji yana motsi, ka sauka nan take a nemi likita.

Uwargida, ke ce kike ganin abin da maigida yake ɓoyewa. In kin ga yana haki, ko yana dafe ƙirji, ki faɗa wa likita ran da kuka koma. Kai kuma maigida, in likita ya ce ka zauna da fedar kowa har abada, ba abin kunya ba ne, zuciya ba ta san irin fedar da ƙafa take takawa ba. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ƙara mana lafiya, sai wata mai zuwa.