Wane Takalmi Ya Dace Da Shiga Kwalekwale?

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu da ke zuwa hutu a ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, idan damina ta yi nisa kuma Gulbin Zamfara ya kawo ruwa, ba mu isa gida sai an yi fito da mu. Mukan tanadi kuɗin fito, mu ƙunshe littattafai cikin leda, amma ba mai tunawa da abin da ke ƙafarsa.

A ganina takalmin da ya dace da jirgi shi ne na roba marar nauyi, mai maɗauri a dunduniya, wanda ƙasansa ke da zane-zane don kada ya yi santsi. Irin wanda makiyaya ke sawa ma ya isa, ga shi da araha a kasuwar Tambuwal. Ba ya shan ruwa, laka ba ta cire shi, kuma da an ɗauraye shi ya bushe.

Silifa ita ce aka fi sawa, ita ce kuma ta fi yaudara. Da ka taka laka a bakin gulbi sai ta maƙale, ko ta tsinke, ko ruwa ya tafi da wari guda. Mai silifa ya sunkuya daga cikin jirgi zai cafko takalminsa, sai kwalekwale ya karkata da kowa da kowa. Saboda silifa wari ɗaya! Sandal ɗin fata na makaranta kuwa, in ya jiƙe ya bushe sai ya ƙandare ya yi ta cin ƙafa har ƙarshen zango.

Dogon takalmin ruwa yana da amfani a fadama, amma kada a shiga jirgi da shi. Idan mutum ya faɗa ruwa, takalmin yakan cika, ya hana ƙafa yin iyo, kuma cire shi cikin ruɗewa da wuya.

Wani zai ce ai Sarkawa da 'yan fito ba su sa komai. Gaskiya ne, amma tafin ƙafarsu ya saba tun suna yara. Ɗalibin da ya yi wata uku cikin safa ba haka yake ba, ga ƙugiyoyin masunta da ƙayar kurungu a cikin jirgi, ga fasassun kwalabe a gaɓa.

Sai dai takalmi ba ya hana tsargiya, don ta fata take shiga duk inda ruwan ya taɓa. Ba ya kuma hana jirgi kifewa. A watan Afrilu na 2022 mutum 29, yawancinsu yara, suka rasu a Gidan Magana cikin ƙaramar hukumar Shagari, maƙwabciyarmu. Don haka in akwai rigar kariya a saka ta, in kuma jirgi ya cika maƙil a jira ya dawo.