FILIN SANA'A: Sandar Fatsa Da Kayan Ƙera Ta A Ƙasar Kafancan

Duk wanda ya san ƙasar kudancin Kaduna ya san Allah ya wadata ta da ruwa. Damina takan daɗe a can fiye da yadda take yi a Kano ko Katsina, ga duwatsun Kagoro suna zubo da ƙoramu, ga ruwan Matsirga yana faɗowa daga kan dutse kusa da Kafancan, ga kuma kogin Gurara da madatsarsa ta wajen Kagarko. A bakin waɗannan ruwaye ba a rasa yara da magidanta riƙe da sandar fatsa, suna jiran tarwaɗa ko karfasa ko kurungu. Sandar kuwa mafi yawa reshen gora ne ko sillen gwangwala, an ɗaura masa zaren lailon da ƙugiya da 'yar totuwa. Idan ta karye a jefar, gobe a yanko wata.

Wanda ya ɗan samu hali kuma yakan nemi sandar kanti, irin ta roba mai zobba da marfin naɗe zare, wadda aka yi a ƙasashen waje. Tana da kyau, amma kuɗinta yana bin farashin dala, kuma ranar da zobe ɗaya ya ɓalle sai a jingine ta, don da wuya a sami mai gyara. Tsakanin sandar yara da sandar kanti akwai fili babba da ba kowa a ciki, watau sanda mai ƙarko wadda aka yi a gida da kayan gida. Abin da ya hana a cike wannan fili shi ne rashin 'yan na'urorin da ake yin aikin da su, alhali kuwa babu ɗaya daga cikinsu da ta fi ƙarfin kafinta da mai walda na Kafancan.

Yana da kyau mai karatu ya san cewa a Turai da Amurka ma haka sana'ar ta faro. Wajen shekarar 1845 wani maƙerin bindiga mai suna Samuel Phillippe, a garin Easton na Amurka, ya riƙa tsaga gora yana fere ta, yana haɗa tsage-tsagen da gam su zama sanda guda. Bayansa Hiram Leonard, shi ma maƙerin bindiga ne, ya ƙera wa kansa injin da ke fere tsage shida daidai wa daida, ta yadda in an haɗa su babu ko kafar shigar allura. Wannan injin ne ya mayar da aikin mutum ɗaya ya zama masana'anta. Haka kuma a ƙasar Norway, a shekarar 1877, wani ma'aikacin kamfanin Mustad mai suna Mathias Topp ya ƙera injin da ake zura masa waya yana fitar da ƙugiya. Har yau masuntan Nijeriya sun san ƙugiyar Mustad. Darasin a fili yake: wanda ya mallaki kayan aiki shi ya mallaki sana'a, saura kuwa masu saye ne.

To, waɗanne kaya ne mai son wannan sana'a yake bukata? Na farko shi ne wurin miƙar da gora. Ana yanko gorar da ta ƙosa, wadda ta kai shekara uku ko huɗu, a cikin rani lokacin da ruwan jikinta ya ragu, domin ɗanyar gora ƙwaro yake huda ta. A shanya ta a inuwa wata biyu ko uku, don rana tana tsaga ta. Sa'an nan a sami kaskon gawayi da wani katako mai kauri wanda aka huda masa rami ko aka yi masa tsaga. A riƙa gasa gaɓar da ta karkace ana jujjuyawa har ta yi laushi, a zura ta cikin ramin katakon a danna ta miƙe, a shafa mata jiƙaƙƙen tsumma ta huce a haka. Wutar nan ban da miƙarwa tana ƙara wa gora tauri. Amma in aka bari ta yi baƙi, to, an ƙona ƙarfinta, kifin farko mai nauyi zai karya ta.

Na biyu shi ne ma'aunin lanƙwasa zobba, watau 'yan ƙawanyoyin da zare ke bi ta cikinsu. Wannan aikin mai walda ne, kuma ba ya cin rabin yini. A sami falange na ƙarfe, a kafa masa guntayen rodi masu kauri daban-daban, daga mai kaurin ɗan yatsa har zuwa mai kaurin ƙusa. A kan waɗannan ake naɗa waya ta zama zobe, a bar mata ƙafa biyu, a dake su su yi faɗi, a goge bakinsu da magagari don kada su yanke zaren ɗauri. Wayar ƙafar keke, irin wadda ba ta tsatsa, ta dace da wannan aiki ƙwarai. Amfanin ma'aunin shi ne zobe ɗari su fito kamar an haife su rana ɗaya, abin da hannu da filaya kaɗai ba za su iya ba.

Na uku shi ne gadon ɗauri. Katako ne mai tsawon kamu biyu ko uku, a kafa masa 'yan alluna biyu a tsaye, kowane an yanke kansa kamar bakin gwafa, a shimfiɗa ƙyalle a ciki don kada ya kurje sandar. A tsakiya a kafa dogon noti wanda za a zura kwarkwaron zare, a sa masa ɗan sifirin da wasa don a iya tsuke shi ko a sassauta. Mai aiki yana juya sanda da hannu ɗaya, zare yana hawa kan ƙafar zobe layi bisa layi, da ƙarfin ja iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Duk masaƙi da duk tela ya san wannan hikima, gama ita ce ke cikin keken ɗinki. Kafin a ɗaura zobba sai an jingina sandar an lanƙwasa ta ana mirginawa, a gano gefen da take son rusunawa, a jera zobban a kan wannan layi. Masana aikin sukan sa kimanin zobe ɗaya a kowace ƙafa guda ta tsawon sanda, suna matso da su kusa da juna wajen tsini, inda ta fi lanƙwasa.

Na huɗu, wanda mutane suka fi rainawa, shi ne majuyin shanya. In an gama ɗauri akan shafe zaren da man fanish ko gam mai haɗi biyu irin Araldite, don ruwa kada ya shiga. To, in aka ajiye sandar wuri ɗaya sai man ya gangaro ya taru a ƙasa, sama ya zama fayau. Maganin haka shi ne ta yi ta juyawa a hankali, kamar juyi 10 a minti guda, har awa biyu ko uku. Tsohon injin waifa na mota da batir, a haɗa da boris da bel don a rage masa gudu, ya isa. Inda babu batir, sai a zaunar da almajirin sana'a ya riƙa juya ta kaɗan-kaɗan da hannu. Tsohon keken ɗinki na ƙafa kuma, in an cire kansa aka ɗora sandar ƙarfe mai juyawa, ya zama injin fere mariƙi, kuma ba ruwansa da ɗauke wuta.

Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ƙasar nan kuwa ba baƙuwar ƙira ba ce. A ƙauyen Nok na ƙasar Jaba aka fara tono gumakan yumɓun nan a 1928, kuma binciken da aka yi a Taruga ya nuna mutanen wancan zamani suna narka tama fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Kafancan ita kanta hanyar jirgin ƙasa ce ta raya ta, tun da aka haɗa layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos a 1927, ta tara makanikai da masu aikin ƙarfe daga kowace kusurwa. Jirage sun yi ƙaranci yanzu, amma hannun da ya saba da ƙarfe bai tafi ko'ina ba. Wanda kuma ya shiga kasuwar Panteka a Kaduna ya ga yadda ake mayar da tarkacen ƙarfe injin niƙa da tukwane, ba zai yi shakkar abin da aka faɗa a nan ba.

Kada dai a ruɗi kowa, sandar fatsa ba za ta maye gurbin taru da birgi da mamari ba, waɗanda su ne abincin babban masunci a Yawuri ko Argungu ko bakin tafkin Cadi. Masu sayenta su ne manomin da ke neman na miya bayan ya taso daga gonar citta, da ɗan makaranta, da ma'aikacin da ke hutun ƙarshen mako. Su kuwa suna da yawa, har a Jos da Abuja da ke maƙwabtaka. Sandar da ke rabuwa biyu, wadda aka yi wa mahaɗi da guntun bututun tagulla, ta fi shiga ransu, don tana ɗaukuwa a kan babur.

Akwai kuma wata magana da ta fi ta ciniki nauyi. A wurare da yawa na ƙasar nan, idan ruwa ya janye da rani, wasu kan zuba magimfa ko maganin ƙwari irin Gamalin a cikin gurbi, su kwashe kifi manya da ƙanana a yini guda. Abin da ya saura ya mutu, dabbobi su sha, mutanen da ke gangare su ɗiba su kai gida. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta haramta kamu da guba ko nakiya, amma doka ba ta iya tsaron kowane gurbi. Fatsa kuwa ɗai-ɗai take kamawa, ƙaramin kifi ana iya mayar da shi ya girma, ruwa kuma ya zauna da tsarkinsa. Saurayin da ke cin abinci da sayar da sanduna shi ne zai fara tsawata wa mai zuba guba, gama in kifi ya ƙare kasuwarsa ta mutu.

Saboda haka kira yana kan makarantun koyon sana'a da ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Zangon Kataf da Kaciya, su sa waɗannan na'urori huɗu cikin abin da ake koya wa yara, tun da kayan haɗa su katako ne da tarkace. Sarakuna da masu unguwanni su kuma su sa ido kan kurmin gora, a riƙa yankan wadda ta ƙosa ana barin 'yan toho, kada a yi mata cin ƙare dangi wajen neman abin tokare gini. Ga masu walda da kafintoci kuwa, ba sai sun jira kowa ba. Mutum ɗaya ya gwada a damina mai zuwa, ya yi sanda goma ya kai kasuwa, masu saye su ne za su faɗa masa inda gyara yake. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Allah ya sa albarka a sana'a, amin.