Katanga Ba Ta Tsare Abin Da Ya Bar Gida

Yau zancenmu a kan asirin da muke zubawa cikin waya ne.

A da, tsaron gida katanga ce da zaure. Wanda ya yi sallama aka ce ya shigo, shi ke nan, ba mai sake tambayarsa. Haka manyan kamfanoni suka riƙa tsare kwamfutocinsu, a toshe na waje, a yarda da na ciki. To, amma da ɗan gari akan ci gari. A 2009 ɓarayin intanet suka kutsa cikin kamfanin Google, dole ya sake tsari. A 2010 kuma wani masani a Amurka, John Kindervag, ya yaɗa wata ƙa'ida da za mu iya kira "ba yarda sai an tabbatar". Manufarta, duk mai son taɓa wani bayani, ko ɗan gida ne, sai ya nuna shaida kowane lokaci, kuma iyakar abin da aikinsa ke bukata za a ba shi.

Uwargida, kada ki ce ina ruwana. Hotunan 'ya'yanki, lambar bankinki ta BVN da hirarki da maigida duk sun bar ɗakinki. Suna yawo a jaka zuwa kasuwa, gidan biki da shagon mai caji. Katanga ba ta bin su can.

Na farko, a kulle kayan kansu. Akwai dabarar hargitsa rubutu yadda ba mai iya karanta shi sai mai mabuɗi, kamar akwatin da aka datse da kwaɗo aka ba ɗan aike. Tun 2016 WhatsApp yake kulle saƙonni haka. Kwafin hirar da waya ke ajiyewa a intanet kuwa, tun 2021 ana iya kulle shi, sai ki duba ki kunna. In wayarki ba ta da lambar sirri, kin bar mabuɗi ne a jikin akwati.

Na biyu, a tabbatar. In saƙo ya zo da sunan yayarki yana neman kuɗi, ko lambobi 6 da aka turo miki, kira ta tukuna, ki tambaye ta abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Banki ba ya tambayar lambar sirri.

Ku kuma 'yan makaranta, ku sani kwaɗo ba ya hana wanda kika aika wa hoto ya nuna wa duniya. Ƙawar yau tana iya zama abokiyar faɗan gobe.

Wata za ta ce ai wannan zargin mutane ne. Ko kusa! Wadda ta ƙirga canjinta a gaban mai kanti ba ta kira shi ɓarawo ba, kuma gobe ma wurinsa za ta yi cefane.

Ku huta lafiya, sai mun sake saduwa.