KAFIN KU SAYA WA MALAMI LITTAFI, KU TAMBAYE SHI INDA ƊAKI KE YOYO

Jama'a, yau zan taɓo maganar da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, musamman 'yan uwana masu digiri na biyu a fannin ilimi da shugabannin ƙungiyoyinmu na ɗalibai. Duk lokacin da hutu ya gabato sai ka ji an ce a yi karo-karo a saya wa malaman sakandaren garinmu littattafai don su ƙara ƙwarewa. Niyya ce mai kyau, Allah Ya ba da lada. Amma yadda muke zaɓen littattafan nan ɓarnar kuɗi ce, kuma raina malamai ne.

Ku duba kwalin da ake kaiwa. Kashi na farko littattafan tasha ne, irin su Rich Dad Poor Dad da Think and Grow Rich. Don Allah malamin lissafi a Madara ko Chinade, wanda yaransa na SS2 suke kokawa da lissafin kusurwa, me zai tsinta a littafin da wani Ba'amurke ya rubuta a 1937 kan yadda ake zama attajiri? Kashi na biyu su ne namu na jami'a, masu kauri kamar bulo, cike da Piaget da Vygotsky da matakan Bloom na 1956. Kashi na uku ya fi ban haushi: littafin da wani oga ya haɗa don neman ƙarin girma, ya rasa masu saye, sai a kwaso shi saboda kara. A ɗauki hoto, a sa a Facebook, a rubuta "mun tallafa wa ilimi". Bayan zango ɗaya ka leƙa ɗakin malamai, kwalin na nan a lungu, gara ta fara karatunta.

Sai kuma mu dawo muna cewa malamai ba sa karatu. Wallahi wannan zalunci ne. Mutumin da ke da darasi huɗu ko biyar a yini, ga makin takardu, ga gona ko ɗan shagon da yake cike giɓin albashi da shi, in ya samu rabin awa zai buɗe abin da zai amfane shi gobe da safe ne. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce ɗalibi 40 ga malami ɗaya a babbar sakandare. Duk wanda ya yi koyarwar gwaji ya san akwai ajin da ake ninka wannan. Littafin da ke cewa ka raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni da kwamfutarsa, an rubuta shi ne don wani aji a wata ƙasa.

Ku san abin da ke kan layi. A cikin Azare muna da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh. Gadau ga jami'ar jiha tun 2011, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Sa'adu Zungur. A 2021 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a Azare. Amma yaron da ke son karatun likita sai ya kawo kiredit a Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. In bai samu ba, jami'ar tana bayan gidansu amma sai dai ya riƙa ganin gate daga kan babur. Wanda zai kai shi ga kiredit ɗin nan shi ne malamin da muke kai wa littafin neman arziki.

To me ya kamata a saya? Abu na farko ma kyauta ne. Bayan kowace jarrabawa hukumar WAEC tana fitar da rahoton manyan masu duba takardu, darasi bayan darasi, tambaya bayan tambaya, kuma akwai shi a shafinta na intanet. A ciki ake faɗin inda yara suka faɗi da dalilin faɗuwar. A lissafi za ka ga ana ta maimaita kasa juya tambayar zance zuwa lissafi, da tambayoyin da'ira da na gano alƙibla. A bayoloji, zane mara kyau da kuskuren rubuta sunayen kimiyya. A Turanci, kwafo jimlolin nassi sukutum a tambayar taƙaitawa. Malamin da aka buga wa rahoton darasinsa na shekara biyar aka ɗinke masa, an nuna masa ramukan da yaransa za su faɗa tun kafin su isa. Kuɗin buga shi bai kai na bugo allon tallan taron miƙa kyautar ba.

Na biyu, manhajar NERDC ta darasin da yake koyarwa, tare da ingantaccen littafin darasin. Kada ku yi mamaki. Akwai wanda ya karanta kemistiri aka damƙa masa fiziks saboda babu wani. Wannan bawan Allah littafin Anyakoha nasa na kansa yake buƙata, da wani wanda ya ɗan zarce matakin sakandare don ya riƙa gaban yaransa da taku biyu. Dabarar koyarwa ba ta ceton wanda bai riƙe abin da zai koyar ba.

Na uku, littattafan da aka rubuta don aji irin namu. Ƙungiyar VSO ta fitar da The Science Teachers' Handbook da The Maths Teachers' Handbook, waɗanda ke nuna yadda za ka yi gwaji da gwangwani da kwalba da batir a makarantar da babu ɗakin gwaji. Shirin TESSA na jami'ar karatu daga gida ta Ingila yana da darussa na malaman Afirka, har da na kimiyyar sakandare, kyauta ake saukewa. Ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN da ta malaman lissafi ta MAN su ma suna da nasu, kuma malaman Nijeriya ne suka rubuta.

Na san abin da wasu za su ce. "Kai ɗan mastas ne, kana rusa ilimin ka'ida?" A'a. Ka'ida tana da wurinta, kuma duk mai NCE ko digirin ilimi ya riga ya ci jarrabawa a kanta. Da yawansu sun sha Farrant tun suna kwaleji. Abin da ba a ba su ba shi ne yadda za a koyar da daidaita lissafin sinadarai cikin minti 40 ga yaran da rabinsu sai an maimaita musu da Hausa. Ko a zaure, malam ba ya miƙa wa ɗalibi Muhtasar don kawai babban littafi ne. Yana duba inda mutum ya tsaya, Ahalari ne ko Iziyya, ya ɗora shi daga nan. Mu ne muka je jami'a muka manta wannan.

Wasu kuma za su ce matsalar albashi ce da rashin kujeru, ba littafi ba. Gaskiya ne, kuma wannan faɗa ne da ya kamata mu ci gaba da yi da masu mulki. Amma ƙungiyar ɗalibai ba ta biyan albashi. Ɗan kuɗin da ta tara daga aljihun 'yan makaranta shi ne a hannunta, kuma amana ne. Kashe shi a kan abin da ba za a buɗe ba cin amanar waɗanda suka hana kansu kuɗin abinci suka bayar ne.

Saboda haka ga shawarata ga duk kwamitin da ke shirin wannan aiki, daga Katagum zuwa Shira, Giade, Gamawa da Zaki. Kafin ku je kasuwa ku je makarantar. Ku zauna da malaman darasin su kansu, kada ku tsaya ofishin firinsifal kawai. Ku tambaye su babin da ya fi ba yara wuya da littafin da suke aro a wurin wasu. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ku sayi kwafi uku na littafi ɗaya mai amfani maimakon iri talatin na ado. Ku rubuta sunan malamin a kai ku damƙa masa, domin littafin da aka kulle a kabad makullin yana aljihun wani daidai yake da babu. Bayan zango ɗaya ku koma ku ga wanne ne ya yi datti, ya naɗe a gefe. Shi za ku ƙaro.

Mu tuna da yawanmu can za mu koma. Gobe kai ne a gaban allo da alli a hannu, wasu yara su zo maka da kwali da mai ɗaukar hoto. Abin da kake so ka tarar a cikin kwalin nan, shi za ka kai wa malaminka yau.

Malaman da ke cikinmu, ku faɗa mana a ƙasa: wane littafi ne ya taɓa sauya yadda kuke koyarwa? Mu haɗa jerin da kanmu. Wanda kuma yake ganin na yi kuskure, bismillah, ya kawo hujja. Allah Ya saka wa malamanmu da alheri.