Gyaran Mudu Aikin Jama'a Ne

 Kowane malamin makaranta akawu ne, ko ya so ko ya ƙi. Kafin ya ɗauki alli da safe sai ya ɗauki rajista ya kira suna. Ga rajistar shiga makaranta, ga littafin maki, ga takardar canjin makaranta, ga fom ɗin ƙidayar makarantu da a ke cikawa kowace shekara. Waɗannan duka su ne abin da mutanen zamani ke kira bayanai. Ana koya mana yadda za mu cika su, amma da wuya ka ji an tambaya wa ya tsara ƙa'idar cika su, kuma wa zai gyara ta in ta tsufa. Ni dai ra'ayina shi ne, littafin ƙa'ida na kowace sana'a bai kamata a bar gyaransa ga 'yan ƙwararru kaɗan a bayan ƙofa ba. Masu yin aikin da hannunsu su ya kamata su taru su gyara shi, kuma su riƙa komawa kansa a kai a kai.

Bari in kawo misali daga manyan masu wannan sana'a. Akwai wata ƙungiya ta masu aikin kula da bayanai da a ke kira DAMA, wadda asalinta daga birnin Los Anjeles na ƙasar Amurka ne, a shekarar 1980, yau kuwa tana da rassa a ƙasashe da yawa. Ba ta kasuwanci ba ce, ba kuma ta wani kamfanin kwamfuta ba. A 2009 ta fitar da wani babban littafi mai suna DMBOK, watau taskar sanin da ya kamata mai kula da bayanai ya mallaka. Ba mutum ɗaya ya rubuta shi ba, masu sana'ar fiye da 120 ne suka sa hannu. A 2017 aka fitar da bugu na biyu mai babi 17. A 2024 aka sake fitar da bugu na biyun nan da gyare-gyare. Sa'an nan a 2025 ƙungiyar ta yi shelar fara aikin bugu na uku, ta gayyaci masu sana'ar na ko'ina cikin duniya su kawo gudummawarsu.

Me ke cikin littafin? Bugu na biyu ya kasa aikin kashi 11, an zana su kamar ƙafar keke, an sa mulkin bayanai a tsakiya kamar cibiya. Mulkin bayanai shi ne sanin wa ke da ikon yanke shawara a kan kowane bayani, wa kuma za a tuhuma in ya lalace. Sauran sun haɗa da tsaron bayanai, da ajiyarsu, da ingancinsu, da kula da takardu, da abin da za mu iya kira bayanin bayanai, watau rubuta ma'anar kowane gurbi da inda abin da ke cikinsa ya fito. Kada sunayen nan su ba ku tsoro. Hedimastan da ya kulle rajista a kabad, ya hana kowa kankare maki sai da sa hannunsa, ya kuma rubuta a bangon littafi abin da kowane layi ke nufi, ai ya yi uku daga cikinsu, ko da bai taɓa jin sunan littafin ba.

To, me ya sa za a yi ta gyaran littafin da masana suka rubuta? Domin ƙa'ida kamar mudu ta ke. Amfanin mudu shi ne mai saye da mai sayarwa su yarda da shi. In kayan da a ke awo suka sake, mudu bai sake ba, sai rikici. Bugu na farko ya kasa aikin kashi 10 ne. Da aka zo na biyu sai aka ga dole a ƙara kashi guda a kan yadda za a haɗa bayanan da suka fito daga wurare dabam dabam su fahimci juna, aka kuma ƙara babi a kan ɗa'ar riƙe bayanan mutane. Bayan 2017 ɗin ma duniya ba ta tsaya ba. Dokar kare bayanai ta ƙasashen Tarayyar Turai ta fara aiki a 2018. A ƙarshen 2022 na'urorin ƙirƙirarriyar basira masu amsa tambaya da rubutu suka shiga hannun kowa. A nan Nijeriya kuma aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai a watan Yuni na 2023. Littafin da aka rufe kafin waɗannan al'amura ba zai ishe mai aiki a bayansu ba.

Wannan kam ba na jin akwai mai musu. Inda gardama ta ke shi ne wa zai yi gyaran. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Ku ɗauki maganar suna. Yawancin fom ɗin da a ke kawo mana an tsara su ne bisa al'adar mutanen da kowane gida ke da sunan iyali guda wanda ba ya sakewa. A wurinmu kuwa yaro ɗaya yana iya amsa sunan yanka, da sunan rana, da sunan baftisma in Kirista ne, sa'an nan a bi da sunan uba, ko na kaka, ko na gari. Malamin aji ɗaya ya rubuta sunan uba a gurbin sunan iyali, na aji shida ya rubuta sunan gari. Kowannensu ya yi tsakani da Allah, amma a takarda yaro ɗaya ya zama biyu. Haka kuma maganar ranar haihuwa. Yaron da aka haifa a gida, ba a yi masa takarda ba, uwarsa ta ce da kaka ne, shekarar da aka yi ambaliya. Fom kuwa ba shi da gurbin cewa kintace ne, sai malami ya ƙaga rana, gobe a ɗauke ta tamkar tabbas.

Kada wani ya ce ƙaramin abu ne. Tun daga 2021 ba a yi wa ɗalibi rajistar jarrabawar shiga jami'a sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. In sunan da ke takardar makaranta ya saɓa da wanda ke jikin lambar, ko shekarun haihuwa suka bambanta, yaro da iyayensa su ne za su sha zirga-zirga da kashe kuɗi, wani har shekara ta wuce shi. Kuskuren kuwa an shuka shi ne tun ranar da aka kawo yaron aji ɗaya, a hannun malami irinmu. Masanin da ke zaune a babban ofis a wata ƙasa, komai zurfin iliminsa, ba zai hango wannan ba sai wanda ya gani ya gaya masa.

Ko rubuta kwanan wata ma haka ne. In ka rubuta 03/04/2024, mu da mutanen Ingila za mu karanta 3 ga Afrilu, Ba'amurke kuwa zai karanta 4 ga Maris. Saboda irin wannan ruɗani ne hukumar ma'aunai ta duniya ta fitar da ƙa'ida mai lamba ISO 8601 a 1988, wadda ta ce a fara da shekara, sai wata, sai rana. Ita ma an sake duba ta fiye da sau ɗaya, har da bugun 2019. Ashe ko ƙa'idar da ba ta wuce tsara lambobi ba tana bukatar a koma kanta.

Mu malamai ma muna da namu mudun na duniya. Hukumar UNESCO tana da wani ma'auni mai suna ISCED wanda a ke kasa matakan ilimi da shi, domin a iya gwada makarantun wata ƙasa da na wata. Na 1997 yana da matakai daga 0 zuwa 6. Da aka ga bai rarrabe karatun gaba da sakandare sosai ba, aka yi shawara da ƙasashe, aka fitar da na 2011 mai matakai daga 0 zuwa 8, babban taron hukumar ya amince da shi. Alkaluman da za mu riƙa cikawa a ƙauyukanmu, ta irin wannan mudu a ke auna su kafin duniya ta ce ga yawan yaran Nijeriya da ke makaranta.

Na san akwai masu ganin aikin gayya bai dace da littafin ƙa'ida ba, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Na farko, sun ce yana da nawa. Gaskiya ne, shekara takwas aka yi tsakanin bugu na farko da na biyu. Na biyu, sun ce hannu da yawa kan kawo saɓani, wannan babi ya ba kalma wata ma'ana, wancan ya ba ta wata. Wannan ma gaskiya ne, domin daidaita kalmomi da gyaran kurakurai na cikin dalilan gyaran 2024. Na uku, ƙungiyar DAMA tana da jarrabawar ba da satifiket mai suna CDMP wadda a ke ɗauko tambayoyinta daga littafin, saboda haka in ana yawan sake shi, masu karatu za su rasa inda za su tsaya. Na huɗu, wanda ya fi damuna, shi ne in an ce kowa ya zo, waɗanda ke zuwa su ne masu Turanci, masu intanet, masu sukunin yin aikin kyauta. Sai a ce duniya ta yi magana, alhali kuwa kusurwa ɗaya ce ta yi.

Amma ku duba da kyau, duk waɗannan ba su nuna a daina gayya ba, sun dai nuna gayya tana bukatar sarkin gayya. Ko a gona, in an taru noma, akwai mai tsara kunya, akwai mai bin baya yana duba inda aka tsallake. Maganin saɓani shi ne a sa editoci ƙalilan masu ikon yanke magana, a kuma fara da ƙamus guda wanda kowa zai bi. Maganin rikicewar masu karatu shi ne kowane bugu ya ɗauki lamba da shekara, a kuma jera abin da aka sake da dalilin sake shi. Nawa kuwa, gara a yi jinkiri a sami mudun da kowa ya yarda da shi, da a yi sauri a ƙera wanda za a ajiye a kan kanta. Amma hujja ta huɗu, maganinta ba ya hannun kowa sai namu. Wanda aka gayyata bai je ba, ba shi da bakin cewa an yi rabo ba da shi ba.

Saboda haka ga shawarata, kashi uku. Na ɗaya, duk ɗalibin da zai fita koyarwar gwaji ya tafi da ɗan littafi a aljihu. Duk inda ya ga fom ko rajista ta ƙi karɓar gaskiyar abin da ke gabansa, ya rubuta: wane gurbi ne, mene ne bai shiga ba, yaya malaman wurin su ke yi da shi. Kada ya rubuta sunan yaro ko na iyayensa, gama bayanin yara amana ne, doka ma ta kare shi.

Na biyu, in mun dawo, kwaleji ta kafa ɗan kwamiti na malamai da ɗalibai, a gayyato hedimastoci biyu ko uku daga makarantun da ke kewaye da mu, a tace abin da aka tara, a fitar da ɗan littafin jagora da Hausa da Turanci. Ya faɗi yadda za a jera suna, da yadda za a yi alama a kan ranar haihuwar da aka kintata, da yadda za a rubuta kwanan wata, da ko bayan kwana nawa na rashin zuwa za a daina ƙidaya yaro cikin 'yan aji, da kuma wa ke da ikon gyara abin da aka riga aka rubuta. Inda ma'aikatar ilimi ta riga ta yanke ƙa'ida, a bi tata. Inda aka ga tata ta gaza, a rubuta mata cikin ladabi tare da misalai. A sa wa littafin lamba da shekara, kowane aji mai fita ya duba shi ya miƙa wa na baya.

Na uku, 'yan'uwanmu na sashen kwamfuta da lissafi su nemi littafin DMBOK su karanta, kuma duk sa'ad da irin waɗannan ƙungiyoyi suka buɗe ƙofar shawara, su aika da tasu. Ba sai mutum ya zama farfesa ba. Wanda ya iya bayyana yadda a ke riƙe bayanai a makarantar da ba ta da lantarki, inda rajistar takarda ce uwa, kwamfuta kuwa baƙuwa, ya kawo abin da manyan masana ba su da shi.

Wani zai ce, mu da ba mu ko karɓi satifiket ba, ina mu ina gyara wa manya littafi? Amsa ita ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba raina masana mu ke yi ba, taimakonsu mu ke yi, kamar yadda su da kansu suka nema. Nan da 'yan shekaru kaɗan mu ne za mu riƙe rajistar dubban yara, kuma abin da alƙalaminmu ya rubuta zai bi su har girmansu. Ya fi kyau mu saba tun yanzu da tambayar ma'anar kowane gurbi kafin mu cika shi, mu kuma saba da kai ƙorafinmu inda za a gyara, maimakon gunaguni a ɗakin malamai.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da za a danƙa mana, amin.