Gareji Ba Juji Ba Ne

Malamai da iyaye, mu gaya wa kanmu gaskiya. Yaro ya faɗi jarrabawar BEPC, sai mu ce "a kai shi gareji", kamar ana zubar da shara.

To ku leƙa lambunan Gulbin Maraɗi, daga Tsibiri har Jiratawa, ku dubi tsohon injin ban-ruwa, irin Robin EY20. Bawul ɗinsa a gefen silinda suke. Zafi kan taru wajen bawul mai fitar da hayaƙi, baƙi ya danƙare, mazaunin bawul ya cinye, ƙarfi ya tafi. Mai tada shi sai ya goge mazaunin, ya canza ringi, ya auna tazarar kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. In ya kuskure, tumatirin manomi ya bushe.

Wannan lissafi ne, malam! Kuma yaron da ka kira daƙiƙi a aji, shi ke yin sa da hannu baƙi ƙirin. Ashe ba kansa ya toshe ba, koyarwarmu ce.

Ku kawo mataccen inji guda cikin lakwal, a kwance shi gaban yara. Sannan mu ga wane ne daƙiƙi.